Ranar da Surukata Ta Tsamo Ni a Gaban Dolfin

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta farkon bazarar Turai ba, ranar da na sha ruwan gishiri har na ƙoshi a gaban surukata, dolfin biyu suna kallo. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai ina tsakiyar alwala, sai in tsaya da ruwa a tafin hannu in ce, "Kai, Allah ka rufa mana asiri."

Bari in fara da laifina, tunda shi ya jawo komai. Ni ɗan Damagaram ne. Ruwan da na sani ina ƙarami shi ne na tafkin bayan unguwarmu in damina ta yi kyau, wanda da ƙyar yake kai wa gwiwa, shi ma in an kama ka a ciki sai jikinka ya gaya maka. Na zo Lyon karatu, na zauna a unguwar Villeurbanne cikin wani ɗaki da in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Abin da na karanta har na kai ga digirin dakta kuwa (don Allah kada a yi dariya tun yanzu) shi ne yadda ruwa ke gudu a cikin bututu da magudanai. Ina iya cika maka allo da lissafin ruwa. Amma in ka jefa ni cikinsa, sai dai ka aika a tsamo ni.

Wata rana a labo, wato ɗakin bincikenmu, muna cin abincin rana, abokan aiki suna ta labarin hutunsu: wannan ya je teku, waccan ta yi nitso a wani tsibiri. Sai ɗaya ya juyo ya ce mini, "Kai fa, a ƙasarku akwai ruwa ma kuwa? Ba yashi ba ne duka?" Bai yi nufin cin fuska ba, amma maganar ta sosa mini rai. Na ajiye cokali na ce muna da kogin Isa, babban kogin ƙasarmu, wanda in ka tsaya a wannan gaɓa mutumin waccan gaɓar ƙanƙani za ka hango shi. Da a nan na tsaya, da lafiya lau. Sai bakina ya ƙara da cewa, lokacin da nake ɗalibi a Yamai, ni da kaina na ƙetare shi da iyo.

Gaskiya ne na ƙetare shi, kusan kullum ma, amma ta kan gada, a cikin taksi.

Labarin ya yi musu daɗi, ni ma daɗinsa ya kama ni. Duk baƙon da ya zo labo sai a ce in maimaita. A shekarar farko ruwan a kwance yake. A ta biyu ya fara igiya. Kafin in gama karatu har wata dorina ta shigo ciki, tana harara ta daga nesa. Da na fara neman Balkisa, wadda yanzu ita ce matata, ita ma na ba ta labarin, har da dorinar. Ita 'yar Maraɗi ce, tana zaune lokacin a Bobigny, gefen Paris, wurin yayanta Mutari. Na ce a raina, mutanen Maraɗi me suka sani game da kogi, su da gulbinsu rabin shekara yashi ne?

Ranar da na kare kundin digirina, bayan an gama tafi da hotuna, abokan labo suka miƙo mini ambulan. Na buɗe, sai ga takardar shiga wani wurin dabbobin ruwa da ke can kudu a bakin teku, ta mutum biyu: gaisawa da zakin teku, sannan iyo tare da dolfin. A jikin katin sun rubuta, "Ga wanda ya ƙetare kogi." Na yi murmushi har haƙorana suka bushe, na yi godiya. Da na koma gida na cusa ta can ƙarƙashin takardun haya, ina addu'ar wa'adinta ya ƙare ba wanda ya tuna.

Bayan wata takwas, Balkisa na da cikin fari, sai mahaifiyarta Hajiya ta zo ganinta. Ta sauka a Paris, gidan Yaya Mutari, muka hau jirgin ƙasa muka je tarbarta. Hajiya mace ce siririya, ta haura sittin, ba ta da yawan magana, kullum da carbi a hannu. Tsakanina da ita akwai kunya irin ta gida, Turai ba ta rage komai ba. In zan gaishe ta sai na durƙusa, ba na cin abinci a gabanta, ba na haɗa ido da ita. Ita kuma, in an gama gaisuwa, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ina zaune a gabanta za ta ce, "Balkisa, ki ce ma Malam ya tashi daga ƙasa, da sanyi."

Washegari Yaya Mutari ya kai mu unguwar Goutte d'Or sayen kayan miya da za mu tafi da su Lyon. Muna cikin wani shagon busasshen kifi, Hajiya tana juya kifin ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, sai Yaya Mutari ya dafa kafaɗata ya ce, "Inna, surukin nan naki fa gwanin ruwa ne. Kogin Isa ya ƙetare da iyo. Malam, ba ta labarin mana!"

Na so ƙasa ta tsage. Amma ga mai shago ya kasa kunne, ga matata tana murmushin alfahari. Na sunkuyar da kai na ba da labarin a taƙaice (dorinar dai na cire ta, don girman Hajiya). Ba ta ɗago ba. Da na gama sai ta ce, "Balkisa, tambaye shi, da ya hito can ƙetare, daidai inda ya nuhwa ya hito?"

Na ce, "Daidai, Hajiya. A miƙe, kamar an ja zare."

Ta ce, "Masha Allah." Ta ci gaba da zaɓen kifinta. Ni kuwa har na ji kaina ya ɗan kumbura, wai na burge surukata.

Mun dawo Lyon da kwana uku Balkisa ta tono takardar nan tana neman wata daban. Ta ce saura kwanaki wa'adin ya ƙare, ai asara ce. Nan take ta kira wurin, suka ce mata mai ciki ba ta shiga ruwan, sai dai ta yi kallo daga gefe. Wallahi ban san lokacin da na ce alhamdulillahi a fili ba, sai na yi sauri na gyara fuska na ce, "Ayya, to sai mu haƙura. Ba zan shiga ni kaɗai in bar ki ba."

Hajiya tana kan darduma ta idar da la'asar. Ta shafa addu'a, ta ce, "Takardar ta mutum biyu ce?"

Balkisa ta ce e.

"To ni in shiga."

Balkisa ta fashe da dariya. "Inna! Ke?"

"Mi ne ne? An rubuta ban da tsohuwa?"

Ba a rubuta ba. Na duba sau biyu.

Ina da kwana huɗu da zan iya faɗin gaskiya. Maimakon haka sai na ɓata su ina kallon bidiyon koyon iyo a waya. In Balkisa ta fita da Hajiya yawo bakin kogin Rhône, sai in rufe ƙofa in kwanta rub da ciki a kan gado ina wurga hannu da ƙafa. A kan katifa dai, ba yabon kai ba, na ƙware.

Ranar Asabar bayan asuba muka hau jirgin ƙasa a tashar Part-Dieu. Tafiyar da nisa, sai wajen azahar muka isa. Wata mai kula da dabbobin, Madam Selin, 'yar gajera mai ƙonanniyar fata saboda rana, da usur rataye a wuya, ita ta karɓe mu tare da wasu mutum shida, duk Faransawa. Ta raba mana takardu mu cike. Akwai layin da aka tambaya ko mutum ya iya iyo. Na sa alama a kan "e" ba tare da wata-wata ba. Balkisa ce ke cike wa Hajiya tata, da ta karanta mata tambayar sai Hajiya ta ce, "Rubuta na iya kaɗan."

Tausayinta ya kama ni. Na ce, "Balkisa, ki ce wa Hajiya ta tsaya kusa da ni in mun shiga, kada ta ji tsoro." (Duk cikin maganganun da na yi a rayuwata, wannan ita ce na fi so a ce ana iya dawo da ita.)

Hajiya ta ce, "Ki ce mishi na gode. Kusa da shi zan tsaya."

Aka fara kai mu wurin zakin teku. Ban san wanda ya raɗa masa wannan suna ba, don ni ban ga zaki a jikinsa ba. Wani ƙaton abu ne baƙi sumul, mai kai kamar na kare da gashin baki tsaitsaye, ga haushi kamar ana buga ganga a cikin ɗaki. Babbansu sunansa Marsel. Ya fito daga ruwa yana jan ƙirji a kan siminti, yana tangaɗi kamar buhun da aka ba rai, har na fara raina shi. Sai Madam Selin ta ɗaga hannu, ya sulale ya koma ruwa, nan na ga wata halitta daban. Wannan nauyin duka ya zama kamar babu. Ya zagaye tafkin kafin in ƙifta ido, ya juya da baya, ya murɗe, ya yi sama gaba ɗayansa ya sake shigewa ba tare da ruwan ya fantsama ba. Subhanallah kawai nake ta faɗi.

Hajiya ta ƙura masa ido ta ce, "Wanga ai ɗan'uwan ayu ne. Sai dai ayu ba shi da surutu haka, shi mai kunya ne." Na ɗan yi mamakin inda matar Maraɗi ta san halin ayu, amma ban tsaya tunani ba, saboda daidai lokacin aka ce in matso Marsel zai gaishe ni. Na durƙusa. Ya miƙo wuya, ya manna mini hancinsa mai sanyi a kumatu, ya huro mini wani numfashi na ɗanyen kifi da ya kai mini har ƙwaƙwalwa. Na ja da baya da sauri har na zauna daɓas. Aka yi dariya, ni ma na yi, ina ganin ai wannan ita ce kunyar yau, ta wuce.

Da aka zo kan Hajiya, aka miƙa mata kifi ta ba shi. Ta ɗaga kifin, ta buɗe kunnensa da babban yatsa ta leƙa, ta ce, "Wanga ya kwana biyu a ƙanƙara." Sannan ta kama shi ta wutsiya ta cilla da 'yar murɗawa, ya tafi da kai gaba, Marsel ya cafe ya haɗiye. Madam Selin ta dubi Balkisa ta ce, "Mamanki ta taɓa yin wannan aikin ne?" Balkisa ta ɗaga kafaɗa.

Daga nan sai ɗakin canza kaya. Aka ba ni wata rigar roba baƙa, daga wuya har idon sawu, wadda na kusa minti goma ina kokawa da ita. Ba abin da rigar nan ta ɓoye mini. Tumbin da na tara a shekarun zaman labo ya fito zagaye kamar na haɗiye ƙwarya. Haka na fito, ina neman inda zan sa hannuna. Hajiya kuwa ta sa tata, ta ɗora doguwar riga a kai, ta ɗaure kallabi tam. Ni ina kallon gabas, ita tana kallon yamma.

A bakin tafkin dolfin an jera rigunan ceto, irin masu hana mutum nutsewa. Madam Selin ta ce wanda bai amince da iyonsa ba ya ɗauka. Na miƙa hannu, yatsuna har sun taɓa ɗaya, sai na ji ta ce, "A! Ashe kai ne na kogin! Matarka ta ba ni labari yanzu. Kai ba ka buƙata." Duk Faransawan suka juyo suna kallona da girmamawa. Na janye hannuna a hankali, na yi kamar ƙura nake kaɗe wa rigar.

Muka sauka ta matakala zuwa wani dandamali da ke cikin ruwa, ruwan ya kawo mini ƙirji. Sanyi ya ratsa ni. Taku uku a gabana dandamalin ya ƙare, daga nan sai shuɗi mai duhu wanda ba a ganin ƙasansa. Madam Selin ta busa usur.

Ban ga tahowarsu ba. Inuwa biyu kawai na gani a ƙarƙashin ruwa, sai ga kai ya ɓullo dab da ni, ramin da ke tsakiyar kansa ya buɗe ya yi "fuf", ya fesa mini ruwa a fuska. Na sha ganinsu a talabijin, amma talabijin ba ta nuna girmansu. Babbar, wata tsohuwar mace mai suna Tika, ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, ga tabo a bayanta kamar zanen ƙaya. Madam Selin ta ce mu shafa ta daga baya, ban da fuska. Fatar santsi gare ta kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare, amma a ƙarƙashi kana jin ƙarfi kamar na doki. Ta bayyana mana cewa su ba kifi ba ne, haihuwa suke yi, su shayar da nono, iska suke shaƙa kamar mu, kuma kowanne yana da irin fito nasa da 'yan'uwansa ke gane shi da shi. Tika ta karkata ta dube ni da ido ɗaya. Ban taɓa ganin dabba ta yi mini irin wannan kallon ba, kallon wanda yake nazarin mutum. Na shagala har na manta da abin da ke jirana.

Sai Madam Selin ta tafa hannu. Ta nuna wata jar ƙwallo da ke yawo a tsakiyar tafkin ta ce masu iyo za su je can ɗaya bayan ɗaya su dawo, dolfin za su raka su. Ta dube ni tana murmushi. "Yallaɓai, kai za ka buɗe mana."

Na waiwaya. Balkisa tana can bakin tafki ta ɗaga waya tana ɗauka, tana ɗaga mini hannu. Na yi bisimilla, na yi taku ɗaya, biyu, uku, na yi na huɗu a inda babu ƙasa.

Duk abin da na koya a kan katifa ya gudu ya bar ni. Ruwa ya rufe kaina, ya shiga hancina da zafi kamar barkono. Rigar robar nan kuma ta ɗaga ƙafafuna sama, kaina ya yi ƙasa. Na buɗe baki in yi numfashi, na kwankwaɗi gishiri. Na ɓullo, na ga sama, na sake nutsewa. Ina dukan ruwa da hannu biyu kamar mai kashe gobara. Ba kunya a raina lokacin, ba digiri, ba komai, abin da kawai ya zo mini shi ne yaron da ke cikin Balkisa, wai zan tafi ban gan shi ba. Da na sake ɓullowa na kurma ihu da Hausa, iya ƙarfina: "Wayyo Inna!"

Mahaifiyata nake kira, tana can Damagaram. Amma sai na ji an amsa dab da kunnena.

"Na'am. Bar dukan ruwa, Malam."

Hannu ya kama haɓata ta baya ya ɗaga fuskata sama. "Kwanta da baya. Saki jikinka. Kai kake nutsar da kanka." Muryar a kwance take kamar mai cewa a miƙo mata buta. Shekara biyu da aurena, wannan ce maganar farko da Hajiya ta yi mini ba ta bakin kowa ba. Na saki jiki, don ban saba saɓa mata ba. Ta ja ni sau biyu, sai na ji ƙafata ta taɓa dandamali.

Na tsaya ina tari, hanci na zuba. Da idona ya washe na auna inda na yi wannan yaƙin duka, tsakaninsa da dandamalin bai kai tsawon darduma ba. Madam Selin tuni ta iso gefena da abin ceto a hannu, Hajiya ce dai ta riga ta. Wani dattijo Bafaranshe ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. Sai Tika ta ɗago rabin jikinta daga ruwa, ta buɗe baki ta yi wani kuka "ke-ke-ke-ke". An ce mini ba dariya ba ce, haka suke magana. Ni dai ina wurin, na san abin da na ji.

Madam Selin, Allah ya saka mata, ta buɗe mini ƙofar tsira. Ta ce a hankali, "Jijiya ce ta riƙe maka ƙafa, ko? Ruwan da sanyi, yana faruwa har ga gwanaye." Da na ce e, shi ke nan, an wuce wurin. Na saci kallon Hajiya. Tana gyara ɗaurin kallabinta, idonta na kan ruwa. Sai na ji ba zan iya ƙara wata ƙarya a gabanta ba.

Na ce, "A'a, Madam. Ban iya iyo ba. Ban taɓa iyawa ba."

Aka kawo rigar ceto aka ɗaure ni a ciki tamau kamar ƙunshin goro, aka ce in riƙe ƙarfen gefe. Daga nan na kalli abin da har yau ban ga kamarsa ba.

Madam Selin ta tambayi Hajiya ko za ta gwada. Hajiya ta sulale cikin ruwan ba ƙara ba fantsama. A karkace take tafiya, kai a sama, hannu ɗaya na jan ruwa ta ƙasa, doguwar rigarta na bin ta a baya. Ba irin iyon da na gani a bidiyo ba ne, wannan na wanda ruwa ya saba da shi ne. Kafin ta kai rabi Tika ta zo ta jera da ita, ɗayan ya bi ta ɗaya gefen, suka sa ta a tsakiya, suna rage gudu don kada su wuce ta. Da ta kai jar ƙwallon sai ta ja numfashi ta nutse. Su ma suka bi ta. Muna hango inuwa uku suna zagaye a ƙasa. Balkisa ta ƙwalla kira, "Inna!" Sai ga su sun ɓullo tare, Hajiya tana dariya, dariya sosai har da ƙyaƙyatawa kamar 'yar shekara goma. Ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ran nan. Faransawan nan suka ɓarke da tafi, ni ma na saki ƙarfen na tafa, na tuna inda nake, na sake cafke shi. Balkisa ta sauke wayar, hawaye kawai take sharewa.

Kafin a tashi, Tika ta dawo wurina ba wanda ya kira ta. Ta kwanta a gefena, jikinta na taɓa cinyata, tana numfashi a hankali. Na ɗora tafin hannu a bayanta na bar shi a nan. Mun ɗan jima a haka, har bugun zuciyata ya daidaita.

Mun kwana a garin. Washegari da safe jirgi ya kama hanyar Lyon. Balkisa ta juyo ta ce, "Dorinar fa?"

Na ce, "Babu dorina."

"Kogin?"

"A taksi. Ta kan gada."

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, ta yi dariya har tana riƙe ciki. Sannan ta tsaya cak ta ce, "Da ka mutu fa? Saboda labari?" Na ba ta haƙuri, na sake ba ta.

Ta juya wurin mahaifiyarta. "Ke kuma Inna, ina kika koya? Ni 'yarki ban sani ba."

Hajiya tana kallon gonakin inabi ta taga. Ta ce ita ba a Maraɗi aka haife ta ba, aure ne ya kai ta. A wani ƙauyen masunta ta tashi kusa da Gaya, a bakin kogin Isa ɗin dai. Mahaifinta masunci ne, ba shi da ɗa namiji sai daga baya, don haka ita ke riƙe masa jirgi in yana jefa taru, in tarun ya maƙale ita ke nutsawa ta kwance. Da ta zo Maraɗi dangin miji suka riƙa tsokanarta da ƙarnin kifi, sai ta rufe bakinta, ba ta ƙara tayar da zancen ba. Ta ce, "Shekara arba'in da wani abu rabona da in shiga ruwan da ya wuce kaina. Na zaci jikina ya manta."

Sannan ta ce, "Ki ce ma Malam, kogin Isa ba a ƙetare shi a miƙe. Ruwa na jan mutum. In ka shiga nan, can ƙasa da nisa za ka hito, ko kai wane ne. Tun a shagon kihi na san bai taɓa shiga ba."

Balkisa ta zaro ido. "Kin sani, kika bar shi ya shiga?"

"In na hwaɗa a gaban yayanki, da wane ido zai dube shi? Na ce dai in bi shi in tsaya kusa. Jikana ya zo ya iske ubanshi." Ta ja carbi biyu, ta ƙara da cewa, "Kuma ina son in ga dabbobin. Masu hankali ne. Sai dai wurin ya yi musu kaɗan, abin da aka halitta ma teku." Daga nan ta sa Balkisa ta goge farkon bidiyon a gabanta, ta ce kada ta ji zancen a bakin kowa a Bobigny, balle Maraɗi. Har ta koma gida ba ta ƙara tayar da maganar ba, kuma ta koma aiko mini da saƙo ta bakin 'yarta kamar ba abin da ya faru. Duk wanda ya san labarin nan, daga bakina ya ji shi.

Yanzu duk safiyar Asabar ina zuwa wurin koyon iyo na unguwarmu, ajin manya 'yan koyo. Mu bakwai ne, ni da wasu tsofaffin mata shida da suka yi ritaya, kuma biyar daga cikinsu sun fi ni. Makon jiya na kai bango zuwa bango ban sha ruwa ba, suka yi mini tafi.

Darasin da na koya bai da tsawo. In har bakinka ya matsa sai ka yi cika baki, to zaɓi abin da ba a sayar da takardar shigarsa. Kafin nan kuma, ka bincika a hankali a wane gari aka haifi surukarka.